Damin da Halvard Ya Ɗaura wa Tsuntsaye

Duk kwarinmu babu wanda bai san muryar Halvard ba, ko da bai san fuskarsa ba. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar kwashe dusar ƙanƙara daga kan hanya, ya saba da magana injin na ruri, har ya ajiye aiki bai lura an kashe injin ba. In ya ce wa matarsa ta miƙo masa gishiri, maƙwabta ma sai sun duba teburinsu. Ga cika baki kamar an aiko shi. Ba a taɓa kama kifin da ya kai nasa ba, ba a kuma taɓa yin sanyin da ya kai wanda ya kwana a ciki ba.

Matarsa Gunvor ce kaɗai ta iya da shi. In ya ɗauko labari sai ta ɗauko saƙarta, ya yi ya gaji don kansa. To, a farkon hunturun bara santsi ya kwashe ta a bakin ƙofa, ta karye a ƙugu. Aka yi mata aiki, aka dawo da ita gida, aka ajiye ta a kujera gaban tagar falo. Macen da ba ta san zama ba, yau ga ta ita da taga, daga fitowar 'yar ranarmu ta hunturu zuwa faɗuwarta.

Abin kallonta ɗaya ne, shi ma na aro. Maƙwabciyarsu Tordis, wata tsohuwa mai kaifin harshe da mijinta ya daɗe da rasuwa, ta ɗaure ɗan damin alkamarta a jikin sanda, kamar yadda kowa ke yi in Kirsimeti ta gabato don tsuntsaye su ma su yi biki. Kowace safiya dompap, 'yan tsuntsayen nan masu jan ƙirji, sukan sauka a kai. Amma ɗakin itacen Halvard ya tare rabin wurin, daga tagar Gunvor ba a hango komai sai ɗan ɗigon ja, shi ma sai ta miƙa wuya.

Ana nan sai 'yarsu Sunniva ta bugo waya daga birnin Trondheim. Ta ce jajiberen Kirsimeti za ta zo da mota ta ɗauki Mama, ta ƙarasa hunturu a wajenta, tunda zaman kaɗaici na neman ya cinye ta.

Halvard ya ji kamar an zare masa ƙashin baya. Tun da suka yi aure ba su taɓa raba hunturu ba, kuma duk surutunsa, tsoron gidan yake ji in babu ita. Sai dai ba zai faɗa ba ko za a yanka shi.

Ya ce, "Me za ki gani a birni? Bangon maƙwabci?"

Gunvor ta ce, "A nan me nake gani? Kai da itacen tuffa, kuma itacen ya fi ka daɗin zama. Da a ce ko dompap ɗaya na sauka a tagata, da na ce ina da baƙo."

"Ɗaya? Ni za ki roƙa tsuntsu ɗaya? Matar nan, ni fa tsuntsaye sun san ni. Lokacin da nake aiki, bin motata suke yi."

"Hankaki ne, tsoho, gurasar da kake yarwa suke bi."

"In na kawo miki su har bakin taga fa, kafin yarinyar nan ta zo?"

Ta dube shi ta saman tabarau. "In sun zo, ba inda za ni."

Kafin rana ta faɗi labari ya isa kantin ƙauye, don shi da kansa ya kai shi. Ya tsaya gaban masu shan kofi ya rantse cewa bana duk wani mai fiffike a kwarin nan a gidansa zai ci Kirsimeti, Tordis kuwa ta shirya cin daminta da kanta. Eilif, manomin da suka taso tare, ya kurɓi kofinsa ya ce, "Halvard, baki shi ke yanka wuya."

"Wuyan raggo ba. Dami nawa ya rage maka a rumbu?"

Washegari tarakta ta shigo gidan Halvard da duk abin da ya rage wa Eilif. Halvard ya haɗe dammunan wuri ɗaya, ya ɗaure da igiyar jan mota, ya sami dami guda da ya fi shi kansa ƙiba. Sandar da mutane ke amfani da ita bai ko kalle ta ba. Ya ce tsuntsu daga sama yake zuwa, saboda haka dole ya ga talla tun daga nesa. Ya ɗaura damin a igiyar tuta, ya ja, ya ja, yana nishi, har ya kai shi ƙololuwar sandar tutar gidan. Sandar ta ɗan rusuna kamar mai gaisuwa.

Ya shigo yana haki. "To, me kika gani?"

Gunvor ta ce, "Gindin sanda."

"Ki ɗaga kai mana."

"Ƙuguna ne ya karye, kana so wuya ma ya bi?"

Tsuntsaye sun ga tallar, ba a ce ba su gani ba. Sai dai waɗanda suka amsa gayyata hankaki ne, dangi guda, har da na ƙauyen gaba. Suka lulluɓe damin baƙi ƙirin suna ta rigima. Halvard ya ce ai ba su ya gayyata ba. Ya shiga kicin ya kwaso murafen tukwane biyu, ya tsaya tsakar gida yana gwara su yana zagi. Hankaki suka tashi, suka yi shawagi ɗaya, suka dawo. 'Yan gwara da ƙananan masu rawayan ciki da suka fara leƙowa kuwa, tashin da suka yi sai gidan Tordis.

Tordis ta leƙo ta kan shinge, ta naɗe hannu a ƙirji. "Sannu da aiki, Halvard. Tun da nake ban taɓa samun baƙi irin na yau ba. Gobe ma ƙarfe nawa za ka fara kiɗan?"

"Ki yi dariyarki. Nawa na hanya, manya ba sa gaggawa."

"Haka ne. Su ma kunne gare su."

Bai ji wannan ba, don ya riga ya hango wani abu a reshen bishiyarta: ɗan dunƙulen kitse a rataye, ƙananan tsuntsaye na lilo a jikinsa. Ashe nan sirrin yake. Ya ce a ransa, in ɗan kitse kamar ƙwai ya tara wannan jama'a, ina ga haƙarƙari guda? Ya lallaɓa ɗakin ajiya ya sauko da busasshen haƙarƙarin rago mai gishiri da Gunvor ta tanada tun kaka don tuwon Kirsimeti, wato abincin da duk shekara ake jira. Ya rataye shi a itacen tuffa, daidai saitin taga.

Da safe kuwa itacen ya cika, sai dai da masu ƙafa huɗu. Kyanwar Tordis ce a sama, wata jibgegiya da ake kira Kaftin, ƙasa kuma ga na Eilif, ga na gidan limamin coci, ga wasu da ba a san iyayen gidansu ba. Can gefe dila ya zauna a kan dusar ƙanƙara yana jiran rabonsa cikin ladabi. Tsuntsu ko na magani babu, don wane tsuntsu ne zai zo cin abinci a taron kyanwowi?

Gunvor ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Halvard, wancan abin da Kaftin ta rungume, na san shi."

"Kama ce. Haƙarƙari duk kamarsu ɗaya."

"Har da jan zaren da na ɗaure shi da shi?"

Ya fita da gudu da tsintsiya. Kyanwowi suka watse, haƙarƙari ya faɗo, dila ya taso a natse ya ɗauka, ya nufi daji ko waiwaye babu. Da yamma Tordis ta zo har ƙofa tana tambayar me ya ba Kaftin, tun rana take shan ruwa kamar raƙumi.

Mai hankali da nan ya tsaya. Halvard kuwa sai ya shige ɗakin itace ya rufe ƙofa, aka yini ana jin zarto. Dabararsa ita ce tsuntsu ɗan ganin ido ne, in ya ga 'yan'uwansa sun zauna shi ma zai zauna. Ya sassaƙa dompap na katako, ya shafe musu ƙirji da ragowar jan fentin rumbu, ya jera su a reshe tun kafin Gunvor ta tashi. In kuma ta ɗauka na gaske ne, to wannan ba laifinsa ba ne.

Ta zauna, ta gyara tabarau, ta kalla. Shi kuma yana tsaye a bayanta ya kumbura ƙirji.

Ta ce, "Ikon Allah. Sai dai tun ɗazu ba wanda ya motsa."

"Sun ƙoshi ne. Tsuntsu in ya ƙoshi yakan yi tunani."

"Na ƙarshen can fa, da ya juya ƙafa sama?"

"Wannan... shi dama haka yake hutawa."

Abin da ya manta shi ne fenti ba ya bushewa a irin wannan sanyi. Da rana ta ɗan taɓa reshen, sai ƙirjin tsuntsaye ya fara ɗiga, ja wur a kan farar ƙanƙara. Tordis ta hango ta shigo a ruɗe, ta zaci Kaftin ce ta yi ɓarna. Ta tsinci ɗaya ta juya shi, ta ga ƙusa a gindinsa. Dariyar da ta yi sai da ta zauna a ƙasa, kuma kafin azahar an rataye tsuntsun a kanti, saman tulun kofi.

A daren nan Gunvor ta sa ya sauko mata da akwati daga saman kabad. Ya sauko da shi ya ajiye a gabanta. Ta fara jera kayan tafiyarta a ciki.

Jajiberen Kirsimeti ya tashi da shirin ƙarshe. Ya sassauta igiyar tuta, ya sauko da abin da hankaki suka rage na damin, wanda har yanzu ya isa jaki ya yi nishi, ya bar shi yana reto daidai tsayin mutum tsakanin taga da ɗakin itace. Ya share ƙanƙarar da ke ƙarƙashinsa kamar yadda kakanni suka ce, don tsuntsaye su sami filin rawa. Sai kuma ya ga filin ya yi fayau da yawa, ya juye buhun tuffa a kai, ya ƙara da karas da busasshiyar gurasa. Ya sa jar rigar sanyinsa da Gunvor ta saƙa masa, wai don dompap su ɗauke shi ɗan dangi. Ya rataya usur a wuya. Ya kuma riga ya bi gida gida ya ce kowa ya zo ya ga abin da bai taɓa gani ba.

Mutane kuwa suka zo, don mu nan ba ma ƙin kallo, balle na kyauta. Suka jeru a bayan shinge da kofi a hannu. Motar Sunniva ta iso, ta fito ta ga taro, ta ga tulin tuffa, ta ga ubanta da tsani a kafaɗa.

"Baba, lafiya? Wani ne ya rasu?"

Eilif ya ce, "Tukuna dai."

Halvard ya ce, "Shiga ki zauna kusa da uwarki, ki buɗe ido. Akwatin nan kuma kada ki wahalar da kanki da shi."

Ya jingina tsani ya haye rufin ɗakin itace, ya fuskanci daji, ya cika kumatu ya busa usur. Tsuntsayen gidan Tordis suka tashi gaba ɗaya. Ya sake busawa, ya bi da kira da muryar nan tasa, "Ku taho, an gama abinci." Ya juyo ga jama'a ya ce, "Ku saurara, kun ji motsi? Ga su nan tafe."

Motsi kam an ji. Rassan bakin daji suka girgiza, dusar ƙanƙara ta zubo, sai ga elg ya fito, babbar dabbar dajin nan dangin barewa, ƙaton namiji, dogayen ƙafafu, ƙaho kamar an ɗora masa ƙofofin rumbu. Ƙanshin tuffa ne ya kawo shi. Ya tsallake shingen baya kamar ba shinge, ya tako tsakar gida a hankali irin na wanda aka daɗe ana jira.

Babu wanda ya yi tari. Ko yaro a kwarin nan ya san ba a yi wa elg ihu, ba a kuma gudu a gabansa sai in akwai bishiya kusa. Kofuna suka tsaya a rabin hanyar baki.

Baƙon ya fara da tuffa. Da ya gyara tsayuwa sai ɗuwawunsa ya taɓa tsani, tsani ya kwanta. Ya ɗago kai ya ga dami, ya kai baki ya fizga, igiyar tuta ta sarƙe a ƙahonsa. Ya girgiza kai, ya sake girgizawa da ƙarfi, alkama ta yi ta feshi ko'ina, kan taga, kan rufi, kan Halvard. Igiya ta tsinke, dami ya zauna daram a tsakanin ƙahonni. Sai ya matso ya ɗora haɓarsa a bakin rufin, hancinsa dab da takalmin maigidan, yana tauna yana huci yana kallonsa.

Halvard ya daskare a tsugune. Usur ya faɗi daga bakinsa. Zangarniyar alkama ta maƙale a hularsa, ƙwayoyi sun cika masa kafaɗa da gemu, amma ko ƙifta ido ya kasa. Ya tuna duk labaran da ya bayar na yadda ya taɓa kama elg da hannu, ya yi addu'a kada wannan ya taɓa jin su.

Haka aka tsaya. Elg na tauna, jama'a sun ƙame, kuma a karo na farko tun da aka gina gidan nan, tsakar gidan Halvard ta yi tsit.

Ɗan gwara ne ya fara sauka. Ya yi tsalle biyu, ya ga ba murfin tukunya, ba tsintsiya, ba usur, ya hau tsinta. Sai 'yan'uwansa, sai masu rawayan ciki, sai wuri ya cika da 'yan ƙananan kuka. Can sai ga wani siririn fito mai taushi daga wajen itacen tuffa. Dompap ne, su biyu, namiji ja kamar garwashi da matarsa mai ruwan toka. Macen ta sauka a dakalin taga, inda alkama ta zube, ta kalli Gunvor ta cikin gilashi kamar sun daɗe da sanin juna. Namijin ya yi shawagi, ya duba ko'ina, bai ga wurin da ya fi hular Halvard albarka ba. Ya sauka a kai ya fara ci.

Gunvor ta dafe baki, hawaye na zuba, kafaɗunta na rawa. Sunniva ta kasa gane kuka take ko dariya, ita kanta Gunvor ba ta sani ba.

Da elg ya gama da tuffa ta ƙarshe, ya juya ya kama hanyar daji da dami a ka kamar mai zuwa kasuwa, igiya na jan ƙasa a bayansa. Eilif ya bi shi da kallo ya ce ƙasa ƙasa, "Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata."

Halvard ya ga haɗari ya wuce, ya kuma ji ƙananan ƙafafu na yawo a kansa. Ya gane abin da ke faruwa. Ƙirjinsa ya fara kumbura, ya ja numfashi, ya buɗe baki zai sanar da duk kwarin. Sai ya ga taga ta ɗan buɗe, Gunvor ta ɗaga yatsa ɗaya.

Ta ce a hankali, "Tsoho, in ka ce uffan, na shiga mota."

Ya mayar da bakinsa ya rufe. Maganar ta tsaya masa a wuya har fuskarsa ta yi ja ta kamo rigar, amma ya haɗiye ta. Ya ci gaba da tsugune, tsuntsu na karin kumallo a kansa, jama'a na cije leɓe a bayan shinge, Tordis ta cusa gefen mayafinta a baki.

Gunvor ta juya ga 'yarta. "Mayar da akwatin nan saman kabad."

"Mama, kin tabbata? Can fa akwai mai kula da ke."

"Tun kafin a haife ki nake jiran in ga mutumin nan ya yi shiru. Yau da na samu, kike so in tafi in bar shi?"

Sunniva ta share ido tana dariya. "To bari in je in tayar masa da tsani."

"Bar shi tukuna, baƙona bai gama ci ba."

Sai da tsuntsun ya ga dama ya tashi aka sauko da Halvard, ƙafafunsa sun sandare, Eilif da wani suka riƙo shi ta hammata. Daren Kirsimeti a gidan Tordis suka ci haƙarƙari, tunda nasu na cikin dila. Kafin a kai ga kofi ya riga ya bayyana wa kowa cewa shi ya shirya komai, elg ɗin ma tsohon saninsa ne, sun yi magana tun kaka.

A kanti har yau haka yake faɗa, kuma ƙahon na ƙara faɗi duk mako. Amma in ka bi ta gidansu da hantsi, za ka ga kujeru biyu a gaban taga, da ɗan dami daidai misali a jikin sanda. Halvard na zaune ya kumbura kumatu, labari na cinsa, Gunvor kuma ta ajiye allurar saƙa a kan gwiwarsa don tuni. Ta ce in an bi shi a hankali yakan iya yin shiru har kofi ya huce.